Amsa kan wasan neman ɓoyayyen akwati da GPS

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan geocaching ya cancanci wahalarsa a nan Garwa, kuma bayan shekara guda ina yinsa, amsata ita ce ya cancanta. An fara shi a jihar Oregon ta Amurka a watan Mayun 2000. Yadda ake yinsa shi ne: mutum ya ɓoye ƙaramin akwati, ya wallafa lambobin wurin a intanet, wasu su bi GPS (tsarin nuna wuri ta tauraron ɗan'adam) su gano shi, su sa hannu a takardar ciki. Akwatunan ba su da yawa a yankinmu, shi ya sa nake ɓoye wa abokaina. Wanda na ajiye a bakin kogin Binuwai ruwan damina ya tafi da shi, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, saboda haka in za ka ɓoye naka, ka nemi tudu, kuma ka sanar da mai unguwa tukuna domin kada a zarge ka.