Katifata ta yi mini tauri: wace topa ta soson memori zan saya da ɗan kuɗin hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Katifarmu shida-da-shida ce, irin mai taurin nan da ake cewa ta masu ciwon baya, da ita aka kawo ni ɗakina. Ba ta lotsa ko kaɗan ba, amma kullum na tashi sai in ji kafaɗata da ƙuguna sun yi tsami, domin a gefe nake kwanciya. Maigida kuma ya ce shi daidai take masa. Na ga ana tallar siririyar katifar nan ta soson memori da ake ɗorawa a sama, wadda suke kira topa, farashi kala-kala, wata har ta ninka wata. Adashi na ɗauka, kuɗin ba su da yawa. Wacce zan saya, kuma za ta yi a zafin Kano? Ina da jaririya 'yar wata biyar da muke kwana tare. Daga wata mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya jaririya, Ya ba ki lafiya.

Kin yi sa'a da katifar taki ba ta lotsa ba, domin aikin topa guda ɗaya ne: tausasa katifar da ta yi tauri. Ba ta cike ramin katifar da ta mutu, sai dai ta bi ramin ta kwanta a ciki. Duk da haka, kafin ki fitar da ko sisi, yaye zanin gadon ki ɗora sandar mopa a gicciye daidai inda kike kwanciya. In yatsu biyu a jere suka shige tsakanin sandar da katifar, to katifar ce ta gaji, ki ajiye kuɗin adashin ki ƙara da na gaba a sayi sabuwa. Ki ɗaga ta kuma ki duba katakon gadon, don sau da yawa katako ɗaya ne ya karye a tsakiya ake ta zagin katifa.

In komai lafiya, abin da kike ji ba baƙo ba ne. Mai kwanciya a gefe, nauyinsa a kan ƙashin kafaɗa da na ƙugu yake taruwa, in katifa ta ƙi ba su wuri su ɗan nutse sai su kwana suna shan matsi. Mun daɗe a garin nan muna ɗauka cewa iya taurin katifa iya lafiyar baya. Ba haka abin yake ba. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka ga waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a mai tauri sosai.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe fiye da komai: topa da nauyi ake sayenta, ba da kauri ba. Mai kanti zai nuna miki kauri don shi ido ke gani. Amma abin da ke sa soso ya yi ƙarko shi ne yawan sinadarin da aka zuba a cikinsa, wanda masu sana'ar ke kira dansiti, wato nauyin curin soso mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Soson memori na kirki yana farawa ne daga wajen kilo 48. A kwalin da ya zo daga Amurka za ki ga an rubuta 3 lb, wato laba uku a curin soso mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe, daidai yake da kilo 48 ɗin nan. Mai 4 lb ya kai wajen kilo 64, mai 5 lb kilo 80. Ga mai ƙaramin ƙarfi, laba uku ta wadatar. Abin da ya gaza haka, wata kaɗan zai yi ki ga shatin jikinki ya zauna a kansa ya ƙi tashi. Mai laba biyar kuma, ban da tsada, ya fi riƙe zafi, don haka ko kina da kuɗinsa ba shi zan nuna miki ba a Kano.

Matsalar ita ce yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa da WhatsApp babu wannan rubutu a jikinsu, in ma akwai, tawada ba ta da tsada. Sai ki koma ga sikeli. Katifar da muke kira shida-da-shida galibi inci 75 ce a tsawo, 72 a faɗi. Topa mai wannan girma, kauri inci 2, in soson laba uku ne na gaske, za ta kai kilo 8 da ɗan ɗoriya. Mai inci 3 za ta yi kilo 12 zuwa 13. In aka miƙo miki mai inci 3 kika ɗage ta da hannu ɗaya kina hira, sikeli ya nuna kilo biyar ko shida, soson kujera ne aka yi wa sabuwar riga. Awon ba wuya: ki hau sikelin nan na awon mutum ke kaɗai, ki sake hawa rungume da topar a nannaɗe, ki debe na farko daga na biyu. In ta intanet ne, ki ce mai sayarwa ya ɗora ta a sikeli ba tare da kwali ba ya turo miki bidiyo. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Bayan sikeli sai hannu. Ki danna tafin hannunki sosai ki ɗauke. Soson memori zai bar shatin yatsunki biyar na 'yan daƙiƙu, sannan ya taso a hankali. Soso na gama-gari nan take yake dawowa. Kada ki tsaya a nan, ki ce a zuge zif ɗin rigar ki ga cikin da idonki, ki kalli gefen. Akwai wadda inci ɗaya ne kawai memori a sama, sauran soso mai araha ne aka manna da gam, za ki ga layin haɗin da bambancin launi. Akwai wadda ɓarɓashin soso ne aka cusa a buhu aka ɗinke. Akwai ma wadda babu soso a cikinta sam, irin audugar roba ce ta cikin filo. Mai hawa biyun ba laifi ba ce in an faɗa miki gaskiya kuma kuɗin ya nuna haka, sauran biyun kuwa ba su ne kike nema ba.

Batun kauri, in jikinki matsakaici ne, inci 2 za ta raba ki da tsamin kafaɗa. In kina da jiki, ki nemi inci 3. Inci 4 asarar kuɗi ce a kan katifa mai lafiya: za ki nutse, juyi ya yi wuya, tashi sallar asuba ya zama aiki.

Sai zafi, kuma a nan ba zan ɓoye miki ba. Wannan soso an ƙirƙiro shi ne a 1966 a wani aiki na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don kujerun jirgin sama, daga baya wani kamfani a Suwidin ya fito da shi a matsayin katifa da sunan Tempur a 1991. Ya yi farin jini ne a ƙasashen da ɗakin kwana ke da sanyi yawancin shekara. Halinsa irin na man kaɗanya ne, sanyi ya daskarar da shi, ɗumi ya saki jikinsa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, za ki hau ki ji shi da ɗan tauri, sai ya sha ɗumin jikinki na wasu mintuna kafin ya karɓe ki, kuma a lokacin babu abin da ya fi shi daɗi. Amma a Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, kwanon ɗaki ya wuni yana gasuwa, dare ya yi babu wuta babu fanka, soson zai yi laushi fiye da kima, ya rungume bayanki, iska ta rasa ta inda za ta ratsa. Mutane da yawa nannaɗe ta suke yi daga Maris har ruwa ya sauka. In kun saba fitowa tsakar gida da bazara, to dama ba asara. In kuwa kina so ki yi amfani da ita shekara cur kuma ɗakinki ba ya samun iska, ki sake tunani.

Za a nuna miki mai launin shuɗi a ce tana da jel mai sanyaya jiki, a ƙara kuɗi. Sanyin na farkon kwanciya ne, da jel ɗin ya ɗauki ɗumin jiki shi ke nan. Ni ban ga dalilin da mai kuɗin adashi za ta biya ƙari a kansa ba. Wadda aka huhhuda da ƙananan ramuka ta ɗan fi shan iska. Mai tudu-tudu irin na kiret ɗin ƙwai ita ma tana barin iska, sai dai soson cikinta bai kai kaurin da aka rubuta ba, tudun kuma shi ke fara kwantawa. Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne zanin gado na auduga zalla maimakon mai santsin nan na roba.

Ga inda za ki rage kuɗi ba tare da rage inganci ba. Tunda maigida ya ce katifar daidai take masa, me zai sa ki sayi shida-da-shida? Ki sayi shida-da-uku ki shimfiɗa a ɓangarenki, soson rabi ne, kuɗin ma kusan rabi. Mai inci 2 a wannan girma ta kai kilo 4, mai inci 3 kilo 6 da ɗan abu. Za a sami ɗan tudu a tsakiyar gado, zanin gado zai rufe shi. Sannan in kin sami tsurar soso marar riga a farashi mai sauƙi, ki ɗauka, ki yanki yadin auduga a Kantin Kwari tela ya ɗinka mata riga mai zif, ya sa roba a kusurwa huɗu don ta kama katifar kada ta riƙa zamewa. Ki tafi kasuwa da awon gadonki a rubuce, don kayan waje da awonsu suke zuwa: wadda aka rubuta wa Queen ta Amurka inci 60 ce da 80, King kuma 76 da 80, babu wadda ta yi daidai da tamu. In ta yi girma ana rage ta da doguwar wuƙa mai kaifi, in ta gaza kuwa babu dabara.

Ta gwanjo fa? Ana samun masu nauyi na gaske a cikin dila, amma ban ba ki shawara ba. Soso ba ya wankuwa, zufar wani da ƙurarsa suna ciki, kuɗin cizo kuma na ɓuya a ɗinkin riga, in ya shiga gida kin san sauran labarin. Ga shi topa galibi shekara 3 zuwa 5 take yi, ba ki san nawa ta riga ta ci ba. Araha ba ta ado.

In lissafin ya ƙi fita, ko zafin ya ba ki tsoro, akwai hanya biyu a gida. Dillalan katifa da masu yin kushin suna sayar da falle na soso mai laushi mai nauyi, a yanko miki inci 2. Ba zai bi siffar jiki kamar memori ba, amma zai rage matsin kafaɗa kuma bai kai shi zafi ba. Ko ki sa a ɗinka miki siririyar katifar audugar rimi irin ta iyayenmu. Tana shan iska sosai, aibinta kawai tana kwantawa, sai ana shanya ta ana bubbugawa.

In kin saya, wadda ta zo a matse cikin leda ki buɗe ta a ɗaki mai iska ki ba ta kwana biyu ko uku ta gama kumbura, warin sabunta ya fita. Don Allah kada a kai mata kaskon turaren wuta don a kore warin, haka ma maganin sauro mai hayaƙi kada a ajiye shi a gindin gado, soso yana kama wuta da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. Ba a jiƙa ta, ba a matse ta, ba a shanya ta a tsakar rana don rana na sa ta rududdugewa. In wani abu ya zuba, a danna tsumma ya tsotse, a goge da ɗan ruwan sabulu, a jingine ta a inuwa gaban fanka. In za a ajiye, a nannaɗe, kada a ninke. Mai yara ta sa mata mayafin kariya mai auduga a sama da siririyar roba a ƙasa, ya fi tsurar leda da ke tara gumi.

Maganar jaririya kuwa ba ta sassauci. Yaron da bai cika shekara ba, ba a kwantar da shi a kan soson memori ko wani abu mai nutsewa. In ta juya ta kifa, soson zai bi siffar fuskarta ya toshe hanci da baki, ga shi ba ta da ƙarfin ɗaga kai ta kauce. A rigingine ake kwantar da jariri, a kan shimfiɗa mai tauri marar filo, kuma mafi aminci a nata ɗan gadon kusa da naki. In ba za a iya raba muku shimfiɗa yanzu ba, ki riƙe kuɗinki har ta shekara.

In kin yi sati uku ko huɗu a kan topar tsamin bai ragu ba, ko kina jin ciwon na sauka ƙafa da sagewa ko rashin ƙarfi, ko yana tashinki cikin dare ko ta yaya kika kwanta, to ba maganar katifa ba ce, ki je a duba ki a asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano duk suna da sashen masu gashin ƙashi da motsa jiki, kuma ki gaya musu kina goyo da shayarwa, don su ma suna gajiyar da kafaɗa da ƙugu.