Me ya sa sarakunan Danmak ba sa wuce Christian da Frederik?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga an naɗa sabon sarki a Danmak mai suna Frederik, ɗansa kuma Christian, aka ce haka suke yi tun kaka da kakanni. Doka ce? Kuma gaskiya ne gidajen sarautar Danmak da Norwe da Suwidin duk dangi ɗaya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba doka ba ce, al'ada ce da ta yi jijiya. Tun daga Christian na 2, wanda ya hau gado a 1513, sunaye biyun nan ke karɓa-karɓa: in Christian ya sauka, Frederik ya hau. Sarauniya Margrethe ta 2 ce ta katse layin a 1972, shi ma ba sosai ba. Mahaifinta Frederik na 9 ne, sai ta tsaya a gurbin Christian, ta sa wa ɗan farinta Frederik. Shi ne ya zama Frederik na 10 ranar 14 ga Janairun 2024 da ta yi murabus, yarimansa kuma Christian.

Batun dangantaka kuwa, abin da aka gaya maka gaskiya ne, har ma ya fi haka. Da Norwe ta rabu da Suwidin a 1905 ba ta da gidan sarauta nata, sai ta aika Danmak neman sarki. Aka ba su Yarima Carl, ƙanen wanda ya zama Christian na 10 daga baya. Abin da ya fara yi shi ne ajiye sunansa. Ya zama Haakon na 7, ɗansa Alexander mai shekara biyu kuma aka mai da shi Olav. An zaɓi sunayen da gangan, domin na tsofaffin sarakunan Norwe ne. Haakon na 6 ya rasu tun 1380. Haakon na 7 baƙo ne daga Kofanhagan, babban birnin Danmak, matarsa Maud 'yar Sarkin Ingila Edward na 7, amma sunan ya zaunar da shi kamar mai gadon gidan. A ganina wannan ce dabarar suna mafi kyau a tarihin yankin. Jikansa ne Harald na 5 da ya hau a 1991, saboda haka kakan Harald da kakan Margrethe wa da ƙane ne.

Auren zumunci ya ƙara ɗaure su. Olav ya auri Märtha ta Suwidin a 1929, ita kuwa 'yar goggonsa ce. Mahaifiyar Margrethe, Ingrid, gimbiyar Suwidin ce, kuma wanta ne ya haifi Sarki Carl Gustaf na yanzu. Ka ga shi ɗan kawunta ne, ita 'yar goggonsa. Da a ƙasar Hausa ne, da taubasai za mu kira su, su yi ta wasa da juna a gidan biki.

Sai dai gidan Suwidin asalinsa daban ne. Kakansu na farko, Jean-Baptiste Bernadotte, janar ne a rundunar Napoleon, haifaffen garin Pau a kudancin Faransa. 'Yan Suwidin suka zaɓe shi magaji a 1810, ya hau a 1818 da sunan Karl Johan na 14. Shi ma sai da ya sa rigar sunan gida.

Kada lambar ta ruɗe ka. Ana kiran sarkin yanzu Carl na 16, alhali sarakunan da tarihi ya tabbatar masu wannan suna goma ne kawai har da shi. A ƙarni na 16 wani babban limamin coci, Johannes Magnus, ya rubuta tarihin ƙasar ya cusa sarakunan da ba a taɓa yi ba, masu mulki na lokacin kuma suka ƙirga da su. Shida na farko ƙirƙira ne, na gaskiya sun fara daga Karl na 7, amma lissafin ya zauna haka har yau.