Jan dutsen zoben kakata yaƙutu ne?

Tambaya: Na gaji zoben azurfa mai jan dutse daga kakata, wadda take cewa yaƙutu ne, yana kuma tsare mai shi daga sharri. Yaya zan tabbatar? Daga wata mai karatu a Yakasai, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Yaƙutu dutse ne mai daraja, har Alƙur'ani ya ambace shi tare da murjani a Suratur Rahman, amma tsari kam na Allah ne. Wani sinadarin ƙarfe da ake kira kuromiyam ne yake ba shi jan launinsa, kuma a ma'aunin taurin duwatsu yana mataki na 9 cikin 10, dutsen daiman kaɗai ya fi shi tauri a cikin duwatsun ado, shi ya sa yake karce gilashi, wuƙa kuwa ba ta yi masa komai. Ki duba naki a hasken rana da tabarau mai ƙara girma: idan kin ga ƙananan kumfa zagayayyu a ciki, mai yiwuwa gilashi ne ko yaƙutun masana'anta, wanda ake ƙerawa tun 1902. Na asali yana da tsada ƙwarai. A 2023 an sayar da wani daga Mozambik kan dala miliyan 34.8. Kada ki sayar sai masanin duwatsu ya gwada miki shi.