Gyaran Jimla a Jarrabawa: Wane Littafi Ya Cancanci Kuɗinka?

Wani matashi daga Kaduna da ke shirin jarrabawar GMAT don neman digiri na biyu a Amurka ya ce an tallata masa wani ƙaton littafin gyaran jimla a rabin farashi. Yana tambaya ko ya dace ya saya.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta cire tambayoyin gyaran jimla a sabon tsarin da ta fara a Nuwamba 2023, tsohon tsarin kuwa an rufe shi a ƙarshen Janairu 2024. Sashen Turanci yanzu tambayoyi 23 ne cikin minti 45, duk na fahimtar karatu da auna hujja. Shi ya sa littafin ya yi araha.

Wata ɗaliba daga Zariya kuma ta ce JAMB ta ƙarato, kullum sai zaɓi biyu su yi mata kama da daidai, har barci ya ƙaurace mata. Tana so ta san littafin da zai fitar da ita.

'Yata, kwantar da hankalinki. Tunda har kina iya zubar da biyu ki rage biyu, kin ci rabin hanya. Sauran aikin shi ne ki daina bin abin da ya yi wa kunne daɗi, domin kunnenmu ya saba da Turancin kasuwa. Dubi aro: mu kalma ɗaya muke juyawa, "ara mini" da "na aro", Bature kuwa ya raba, mai bayarwa lend, mai karɓa borrow. Duk wanda ya saba jin "borrow me your biro" zai faɗa ramin yana murmushi. Haka fewer na abin da ake ƙirgawa ne, less na wanda ake aunawa, kamar ruwa ko gari. Kafin ki dubi zaɓin, karanta jimlar har ƙarshe, ki tambayi kanki wa ya yi aikin, yaushe, mutum ɗaya ne ko da yawa. Tambayoyi 60 ne na Turanci cikin 180, ba wurin canki-canki ba ne.

Maganar littafi kuwa, nan ne raina ke ɓaci. Kasuwanninmu sun cika da jabun littattafan tsofaffin tambayoyi, takarda kamar ta ƙunshe ƙosai, tawada ta dusashe, shafuka sun sauya wuri. Wannan duk da sauƙi. Masifar tana shafin amsoshi. Na taɓa saya wa ɗan yayata irinsu a wata rumfa, na zauna dubawa, sai ga amsa bayan amsa ba daidai ba. Yaro ya zaɓi daidai, littafi ya ce ya faɗi, ya goge gaskiya ya haddace ƙarya! A Lissafi kana iya sake bugawa ka kama kuskuren. A zaɓen kalma yaro ba shi da madogara sai littafin. Iyaye kuma muna murnar mun rage 'yan nairori, alhali kuɗin rajistar muke jefawa a rijiya. Ki buɗe littafi tun a gaban mai shago. In amsa harafi ce kawai babu bayanin dalili, ajiye masa abinsa. Ki haɗa da ƙamus mai kyau, ko da na hannu ne, kuma duk amsar da kika yi shakka ki kai wa malaminki.

Mai tambaya daga Kano kan abin da zai saya don SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka: kada ka biya kowa tukuna. Manhajar Bluebook ta hukumar College Board mai shirya SAT da darussan Khan Academy kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe.

Kai kuma da ka ce an gaya maka zaɓi mafi tsawo shi ne amsa, haba malam! Masu tsara tambaya sun san da wannan jita-jitar, kuma sau da yawa doguwar jimlar ce ke ɗauke da maimaici irin "return back". Je ka buɗe littafinka.