Amsa ga mai neman cikakken bayanin umarnin Linux

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, in ka buga --help bayanin ya yi maka kaɗan, in ka buɗe man (shafukan bayanin umarni) kuma rubutu ya yi maka yawa. Kowa ta nan ya biyo.

Ba a karanta man daga sama har ƙasa. Kamar ƙamus yake, abin da ya kawo ka shi za ka nema. Shiga man ls (bayanin ls, umarnin da ke jera fayiloli), danna / don nema ka rubuta size (girma), sai ka riƙa danna n (na gaba) har ka iso -S, wanda ke jera fayiloli daga babba zuwa ƙarami. Harafin q ke fitar da kai. Na sha ganin ɗalibai nan Tawa suna rufe tagar gaba ɗaya don ba su san wannan q ɗin ba.

Dubi layin SYNOPSIS, mai nuna yadda ake rubuta umarnin, da kyau. Duk abin da ke cikin [ ] ba dole ba ne, ɗigo uku kuma na nufin kana iya sa fiye da ɗaya. Daga nan ni kan tsallaka kai tsaye zuwa /EXAMPLES. Shafin find, umarnin neman fayil, yana da misalai masu kyau can ƙasa, na ls kuwa babu ko ɗaya. Tun 1971 ake rubuta waɗannan shafuka, kuma don masu aikin aka yi su, ba don ɗan koyo ba, shi ya sa suke a bushe.

In sunan umarnin ne ba ka sani ba, man -k copy zai jero maka duk masu alaƙa da kwafi. Akwai kuma lambobin sassa na man: man passwd na bayanin canza kalmar sirri, amma man 5 passwd fayil ɗin /etc/passwd yake fayyacewa. Shi kuwa cd, na sauya folda, a cikin bash yake, wato shirin da ke karɓar umarnin da kake bugawa, don haka bayaninsa sai help cd. Buga type da sunan umarni, zai gaya maka ko irin cd ne, na cikin bash.

Tunda da Faransanci ka yi karatu, sa manpages-fr (fassarar shafukan man) da apt, umarnin sa manhaja. In harshen na'urarka Faransanci ne za su fito da shi, sai ka nemi taille maimakon size. Ba duka aka fassara ba fa.

Wasu za su ce maka tldr, wani shiri mai taƙaita bayanin umarni. Ba laifi, yana ba da misalai nan take, amma ba ya gaya maka dalili. Abin da ya sa na fi yarda da man, bayanin ainihin abin da ke kwamfutarka ne, kuma ko rezo ya ɗauke yana nan. Wanda ka kwaso a intanet wataƙila na Mac ne, inda sed -i, mai gyara rubutu a cikin fayil, ma ba iri ɗaya yake aiki ba.

In wani umarni ya ƙi ka, turo mana umarnin yadda ka buga shi da saƙon da ya fito, kar ka taƙaita.