Amsa: Yadda za ka gode wa tsohon malaminka

Malam, ka ce malamin da ya cusa maka son rubutu ya yi ritaya yana Daura, kana neman yadda za ka gode masa. Taka ka je da ƙafarka, bayan la'asar, kada ka tsaya ga waya. Riƙe masa shadda yadi biyar da turare, ka haɗa da kuɗin ɗinki, don sau da yawa rashinsa ke sa yadi ya shekara cikin akwati. Kuɗi kuwa sa su a ambulan, kada ka miƙa gaban jama'a, zai ji nauyi. Abin da ya fi duka, wasiƙa da hannunka: ambaci ajin, shekarar, da insha'in da ya gyara maka da jan biro. Ɗalibansa dubbai ne, "na gode" kawai ba za ta tuna masa kai ba.