Amsa ga mai tambaya a kan Joyce Cary da zamansa a Arewa

'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske Joyce Cary, marubucin littafin Mister Johnson, ya zauna a Arewa ko ji kawai ya yi. Ya zauna. Kuma namiji ne, kada sunan Joyce ya ruɗe ki. Na karanta littafin ina ɗalibi, daga baya na yi shekaru ina koyar da adabin Turanci, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

An haife shi a Derry ta ƙasar Ailan a 1888, amma a Ingila ya tashi. Zane ya fara koya a Faris da Edinburgh, ya yi Oxford, ya tafi Montenegro aikin Red Cross a yaƙin Balkan na 1912. Sai ya shiga aikin mulkin mallaka a Nijeriya. Ya yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru, aka ji masa rauni a dutsen Mora a 1915. Bayan nan ya zama Di'o a ƙasar Borgu, wajajen Kaiama da Bussa, tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya haɗiye daga baya. A can ya duƙufa kan sare hanya da gina gadoji. A 1920 ya ajiye aiki ya koma Oxford, littafin labarinsa na farko bai fito ba sai 1932, Mister Johnson kuwa 1939.

Abin da na lura da shi duk lokacin da na sake karantawa: inda Cary ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ba ya kuskure. A cikin littafin, Rudbeck, Baturen da hanya ta shiga ransa har ake murɗa lissafin kuɗi don a gama ta, wannan mutum ne mai rai, domin Cary ya san kaɗaici da zazzaɓi da takardun ofis. Johnson kuwa, akawun nan ɗan kudu, daga bisa doki ya hango shi. Ya mai da shi yaro mai rawa da waƙa, har ranar da za a kashe shi yana roƙon maigidansa Rudbeck ya harbe shi da kansa maimakon rataya. Wannan wurin har yau yana ƙona min rai. Sarki da Waziri ma haka, zane ne na wanda tafinta ya tsaya tsakaninsa da mutane.

Marubuci Chinua Achebe ya karanta Mister Johnson yana ɗalibi a Ibadan, kuma ya sha faɗin cewa takaicinsa na cikin abin da ya tura shi rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, shekara guda bayan rasuwar Cary.

Ki nemi littafin, ki bar fim ɗinsa da aka yi a 1990 sai kin gama. Idan akwai tsoho a gidanku da ya ji labarin aikin hanya na tilas daga bakin iyayensa, ki zauna da shi, ki gwama abin da zai faɗa miki da na Cary.